Sabunta Lasisin Masu Harhaɗa Magunguna: Me Ya Sa Sai An Koma Aji?

Duk wanda ya bi titin Ahmadu Bello daga babbar kasuwar Kaduna ya nufi Kawo, ko ya kutsa Unguwar Rimi da Malali da Badarawa, da wuya ya yi tafiya mai nisa bai ga kantin magani ba. A cikin waɗanda ke da rajista akwai wata takarda da ake ratayewa a bango, wadda yawancinmu ba mu taɓa ɗaga kai mun duba ba. Wannan takarda ita ce lasisi, kuma wa'adinta shekara guda ne. Abin da jama'a da yawa ba su sani ba shi ne, biyan kuɗi kaɗai ba ya isar mai harhaɗa magunguna ya sabunta lasisinsa. Ana bukatar ya nuna shaidar cewa yana ci gaba da ƙaro ilmi a kan aikinsa.

Hukumar da ke da alhakin wannan ita ce PCN, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 91 ta 1992. A 1998 ta fara shirin ƙaro ilmi na dole ga masu wannan sana'a, inda suke halartar darussa da tarurrukan bita, ana ba su maki. A 2022 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan sabuwar dokar da ta maye gurbin ta 1992, ta kuma ƙara wa hukumar iko a kan duk wuraren da ake ajiye magani ko sayar da shi.

To, wani zai ce, mutumin da ya yi shekara biyar ko shida a jami'a kamar ta Ahmadu Bello da ke Zariya, ya ƙara shekara guda yana koyon aiki a ƙarƙashin manya, me kuma ya rage a koya masa? Amsar tana cikin labarin zazzaɓin cizon sauro. Idan mai karatu bai manta ba, an daɗe kulorakwin ne maganin da kowa ya sani, har yara sun san ɗacinsa da ƙaiƙayin da yake sa wa. Da ƙwayar cutar ta daina jin sa, sai a 2005 Gwamnatin Tarayya ta sauke shi daga matsayin maganin farko, ta koma ga magungunan haɗi masu sinadarin atemisinin, waɗanda ake kira ACT. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa gwada jini kafin a ba da maganin, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Ke nan wanda ya gama karatu a 1995 ya rufe littafi, zai iya miƙa wa uwa maganin da ba zai warkar da ɗanta ba, alhali zuciyarsa ɗaya. Hausawa sun ce idan kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.

Haka batun kodin. Shekaru da dama ana sayar da maganin tari mai kodin kamar ruwan sha, har matasa da matan aure suka mayar da shi abin maye, musamman a nan Arewa. A watan Mayu na 2018, bayan wani binciken BBC da ya tona asirin wannan ciniki, gwamnati ta hana sarrafa shi da shigo da shi. Sanin abin da aka janye daga kasuwa, da gane mai shaye-shaye daga marar lafiya, da yadda za a yi masa magana ba tare da wulaƙanci ba, duk abubuwa ne da sai an ci gaba da koyon su.

Sai dai fa, kyawun doka daban, aiki da ita daban. Akwai wurare uku da muke ganin gyara.

Na farko, idan ba a sa ido ba, taron ƙaro ilmi yakan zama na sa hannu a takarda da karɓar shaida kawai. Kamata ya yi a riƙa gwada mahalarta a ƙarshen kowane darasi, kuma darussan su dace da abin da ke damun mu: zazzaɓi, hawan jini, ciwon sukari, amosanin jini, da shan magungunan kashe ƙwayoyin cuta barkatai. Yanzu da ake iya yin wasu darussan ta intanet, uzurin nisa da rufe kanti ya ragu, saura a sassauta kuɗin ga masu ƙaramin ƙarfi.

Na biyu, akwai mugunyar ɗabi'ar nan ta ba da hayar lasisi, inda mai ilmin zai yi wa ɗan kasuwa rajistar kanti da sunansa, ya karɓi kuɗi ya yi gaba, a bar yaron shago yana ba da magani. A irin wannan wuri, ko da mai lasisin ya halarci taro ɗari, marar lafiya bai amfana da komai ba.

Na uku, kuma wanda ya fi girma, talaka ya fi zuwa kemis na unguwa fiye da babban kantin magani. Mai kemis ba mai harhaɗa magunguna ba ne. Lasisinsa daban ne, ya ba shi izinin sayar da ƙananan magungunan da hukuma ta lissafa ne kawai, a cikin kwalinsu na asali, ban da allura da ƙarin ruwa da magungunan da sai likita ya rubuta. Su ma hukumar ta tanadar musu da tarurrukan wayar da kai. Muddin ba a ba horon nasu muhimmanci daidai da na manya ba, to an gyara ɗaki an bar zaure yana yoyo.

Mu ma masu saye muna da namu aikin. Idan ka shiga kantin magani, ɗaga kai ka duba lasisin, ka ga ko na bana ne. Ka tambaya ko mai harhaɗa magungunan yana nan, domin da shi ya kamata ka yi magana, musamman a kan maganin jariri ko mai juna biyu ko tsoho. Ki duba lambar NAFDAC da ranar da magani zai lalace kafin ki biya. Wannan ba raini ba ne, kuma mai gaskiya ba zai ji haushi ba, zai ma yi murna da an san darajar wahalar da ya sha.

Kuskuren tela ana iya farke shi a sake ɗinki, amma kuskuren mai ba da magani wani lokaci sai a maƙabarta ake gane shi. Saboda haka muna kira ga hukumar PCN da Ma'aikatar Lafiya ta Jihar Kaduna da su tabbatar cewa kowace takarda da ke rataye a bangon kanti akwai sabon ilmi a bayanta. Allah ya ƙara mana lafiya, amin.