Zamfara A Fagen Wasan Dauloli



Akwai wani irin wasa da ake yi a kwamfuta, wanda ya daɗe da samun karɓuwa a duniya har ya fara isowa hannun samarinmu, inda mai wasa zai ɗauki wata al'umma daga cikin al'ummomin da suka shuɗe ya zama shi ne sarkinta, ya kafa birane, ya ja ganuwa, ya tura fatake, ya ƙulla amana da maƙwabta ko ya ɗaura musu yaƙi, har ya kai ta daga zamanin kwari da baka zuwa zamanin jirgin sama. Mafi shahara a cikinsu shi ne Civilization, wanda ya fara fitowa a Amurka a 1991. A haƙiƙa bai yi nisa da darar da dattawa ke yi a gindin bishiya ba, inda mai haƙuri da hangen nesa ke cin mai gaggawa, sai dai a nan gurabun birane ne, 'ya'yan darar kuwa rundunoni ne da ayarori.

Duk sa'ad da za a fito da sabon bugu, ma'abota wasan daga kowace nahiya sukan yi ta kawo shawara a kan wace daula da wane shugaba ya cancanci a ƙara. Kada mai sauraro ya raina wannan al'amari, domin yaron da ke Birazil ko Koriya, wanda wataƙila bai taɓa buɗe littafin tarihin Afirka ba, ya san Mansa Musa na Mali saboda an sa shi a bugu na huɗu a 2005, ya kuma san Askiya na Sanghai saboda bugu na biyar a 2010. Ƙasar Hausa ta samu shiga a 2021 cikin wani wasan daban mai suna Age of Empires III, da barade masu lifidi, Sarauniya Amina ta Zazzau tana jagora, sa'an nan a 2025 aka sake ɗauko Amina aka sa ta cikin shugabannin bugu na bakwai na Civilization. Mun yi farin ciki da wannan ƙwarai. Amma sau biyu aka waiwayo mu, sau biyun kuma suna ɗaya aka ɗauka, a matsayin jarumar yaƙi, alhali ƙasar nan ta haifi masu mulki da masu ilimi iri-iri.

Da za a tambaye ni, ba zan rasa sunaye ba. Ga Muhammadu Rumfa na Kano, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, ya kafa Kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili. Ga Kanta na Kabi, wanda ya ɓalle daga Askiya ya gina Surame. Ga Nana Asma'u da 'Yan Taru, waɗanda suka kai karatu har cikin gidajen ƙauye. Waɗannan duka suna da masu tsaya musu. Wadda ba ta da mai tsaya mata ita ce Zamfara, kuma a kanta nake so in tsaya.

Ƙa'idar wasan Civilization ita ce kowace daula a ba ta wata baiwa da ta keɓanta da ita, wadda aka ciro daga tarihinta. To, idan aka yi tadabburi a kan tarihin Zamfara, tun daga Dutsi inda ruwaya ta ce sarautar ta faro, zuwa Birnin Zamfara inda ta bunƙasa, za a ga baiwa biyu da ban san wata daula a wasan da ta haɗa su ba. Ta farko ita ce karɓar baƙo, domin Zamfarawa ne suka ba Gobirawa masauki a ƙasarsu, a wurin da ake cewa gonar alƙalin Zamfara ce, wanda daga baya ya zama Alƙalawa. Kuma baƙon nan ne, a zamanin Sarkin Gobir Babari cikin shekarun 1760, ya juyo ya ci Birnin Zamfara. Ta biyu ita ce ƙin mutuwa, domin da birni ya faɗi sarautar ba ta faɗi ba, sai ta yi ta ƙaura, ta zauna Kiyawa, ta zauna Sabon Gari, har ta tabbata a Anka, alhali Alƙalawar da ta ci ta ita ma an ci ta a 1808. A irin waɗannan wasanni faɗuwar babban birni yawanci ita ce farkon halaka. Daular da baƙi ke ƙara mata arziki tare da haɗari, wadda kuma za a ci birninta ta ɗauki tambarinta ta kafa wani, lalle za ta koya wa mai wasa wata siyasa da Rum da Farisa ba su koya masa ba.

Shugaba kuwa, ni 'Yargoje zan zaɓa, sarauniyar da ruwayar baka ta ce ta mulki Zamfara tun a ƙarni na 14, wadda har yau ake ambaton fitilarta. Idan ana neman abin al'ajabi na halitta da za a dasa a taswira, ga Dutsen Kwatarkwashi nan tsaye kusa da Gusau, wanda duk matafiyin da ya bi hanyar ya san shi.

Sai 'Yandoto, wadda ita ce ta fi damuna, kuma mutanen Tsafe da 'Yankuzo sun fi kowa haƙƙi a kanta. Wasan yana da ƙananan birane masu zaman kansu, waɗanda ba su cin ƙasa, sai dai duk sarkin da ya yi abota da su ya amfana da abin da suka ƙware a kai. 'Yandoto ta dace da wannan matsayi ƙwarai da gaske, domin gari ne na malamai tun kafin jihadi da ƙarnoni, inda almajirai ke zuwa daga nesa neman fiƙihu da nahawu da tafsiri, kuma ruwayar Katsina ta ce daga nan Korau ya fito ya ka da Sarki Sanau a kokawa ya hau gadon sarauta. Da jihadi ya zo malamanta suka saɓa wa jama'ar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, aka yi jayayya, Muhammadu Bello ya ci garin wajen 1806, malamai suka watse. Amma sunan bai ɓace ba, tun da har gobe sarautar Tsafe 'Yandoto ake kiranta. Yau idan aka ambaci 'Yankuzo ko Tsafe a labarai, galibi maganar rashin tsaro ce ke biyo baya, kuma zuciya tana ƙuna idan aka tuna cewa yaron da aka haifa a wannan yanki zai iya girma bai san ƙasarsa ta taɓa zama matattarar littattafai ba.

Akwai mas'ala ɗaya da ya wajaba a yi hattara da ita. Wasu za su ce a sa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, tun da ya yi shekaru yana wa'azi a Zamfara kafin hijira. Ni ban goyi bayan haka ba. Shugaba a wasan nan ana zana surarsa, a sa masa magana a baki, a yaudare shi, a ci shi da yaƙi, kuma wannan bai dace da ladabin da al'umma ke yi wa Mujaddadi ba. Ba mu kaɗai ke da irin wannan kishi ba: dattawan Pueblo na Amurka sun ƙi yarda a sa jagoransu a bugu na biyar, masu wasan kuma suka janye, haka nan a 2018 wani shugaban al'ummar Cree ta Kanada ya nuna rashin jin daɗi da aka sa jagoransu Poundmaker ba tare da an shawarce su ba.

Masu ƙera wasannin nan ba su zuwa fada su tambayi maroƙa da makaɗa. Abin da aka rubuta aka buga shi suke karantawa. Bajamushe Kurt Krieger ya buga tarihin Zamfara a 1959 da Jamusanci, marigayi Dakta Garba Nadama kuma ya yi digirinsa na uku a kanta a Jami'ar Ahmadu Bello a 1977, amma kaɗan ne daga samarinmu suka taɓa riƙe ɗaya daga cikinsu. Jami'ar Tarayya ta Gusau tana nan tun 2013, da malaman tarihi da ɗaliban kwamfuta a haraba guda, fadojin Anka da Tsafe da Kwatarkwashi kuma suna da dattawan da ke riƙe da jerin sarakuna a ka. Abin da ya rage shi ne a zauna da su tun suna raye, a rubuta da Hausa da Turanci, a zana taswirar tsofaffin birane da hanyoyin fatake, a sa inda mai nema zai samu.