Akwatin Baba Soja

Duk ranar 15 ga Janairu, manya a Abuja sukan ajiye furanni a kabarin sojan da ba a san sunansa ba, a saki tattabaru, a watse. Ranar ce aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970, kuma ba na raina bikin. Amma mu a Tudun Wada namu sojojin mun san sunayensu, mun san makwancinsu. Tun 1924 Daffo take horar da kurata a Zariya, shi ya sa da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji an ce gidan Saje ko gidan Kofur ba. Wasu kakanninsu sun yi yaƙin Bama, wasu ubanninsu sun je Laberiya da rundunar ECOMOG a 1990. Mahaifina, Allah Ya jiƙansa, ya bar mana akwatin ƙarfe: takardar sallama da ta yi jaja-jaja, lambobin yabo biyu, da hoton da gara ta ci gefensa. Na daɗe ina ganin tarkace ne, sai da jikansa ya tambaye ni inda Kaka ya yi yaƙi, na rasa amsa. Karrama uba soja aikin 'ya'yansa ne kafin na gwamnati. A adana takardunsa, a zauna da abokan aikinsa a rubuta labarinsa tun suna raye, a riƙe matar da ya bari, a haƙa rijiya da sunansa, a dage da addu'a bayan kowace salla.