Sanarwar Bayan Taron Masunta da Masu Kiwon Kifi na Batsari da Safana

Ƙungiyarmu ta zauna a garin Safana tare da sarakunan ruwa da dillalan kifi, kan ƙanƙancewar kifin da ke fitowa daga madatsar Zobe da tafkunan yankinmu. Dattawan da suka soma su a Zobe tun bayan kammala ta a 1983 a kan kogin Karaduwa sun ce karfasar da ake kasawa yau, a da mai da ta ruwa ake yi.

Taron ya tsaya sosai kan yadda kifi ke hayayyafa. Tarwada sai ruwan damina ya malala cikin ciyawar bakin gaɓa take zuba ƙwai, su manne a jikin ciyawar, su ƙyanƙyashe cikin kwana ɗaya zuwa biyu, ba uwa ba uba a kansu. Karfasa kuwa namiji ke haƙa gurbi a yashi, macen ta kwashe ƙwan a bakinta, ta daina cin abinci har 'ya'yan su iya iyo. Duk wanda ya kama ta a wannan hali, ɗaruruwan kifi ya halaka don tukunya ɗaya, kuma mafi yawanmu mun sha ganin tana amayar da su a cikin kwale-kwale.

Don haka aka amince a ɗaga wa matattarar ƙwai ƙafa a watannin Yuli da Agusta. Wasu sun ce iyali ba sa jiran Satumba, ga rashin tsaro a dajin Rugu ya riga ya raba mutane da gonakinsu. Maganarsu gaskiya ce, shi ya sa aka yarda a ci gaba da kamun kifi a zurfin ruwa, hanin ya tsaya ga bakin gaɓa kawai.

An haramta jan taru da gidan sauro da zuba guba. Dokar tarayya ta 1992 ta riga ta hana ragar da idonta bai kai milimita 76 ba, mu ne muka kau da kai. Sarkin ruwan kowane yanki zai karɓe kayan wanda ya saɓa.

Ƙungiya na roƙon Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma ta auna mana girman da karfasa da tarwadar Zobe ke kaiwa kafin su soma ƙwai. Za a sake zama bayan girbi.

Sa hannu: Shugaba da Sakatare