Shibo ta Cikal da Tarihin Kurfai

Duk wanda ya nemi tarihin Kurfai a bakin maroƙa ko a takardun hukuma, abin da zai tarar galibi shi ne silsilar mayaƙa da sarakunan Filinge, irin su Gado Namalaya wanda Faransawa suka ɗaure wa gindi, alhali kuwa al'amarin da ya fi kai sunan wannan ƙasa nesa, mace ce ta assasa shi. A wajejen 1925 wata baiwar Allah mai suna Shibo, mutuniyar Cikal, ta fito da wasu sababbin iskoki da ake kira Babule ko Hauka, masu kwaikwayon gwamna da kumandan da sojojin Nasara, har talakawa suka yi ta binta suna bijire wa sarki da aikin tilas, lamarin da ya sa Kumandan Crocicchia ya kama mabiyanta ya tsare a Yamai. Malamai suna da hukuncinsu a kan bori, kuma ba mu yi musu jayayya ba. Amma fatawa daban, tarihi daban, kuma babu adalci a shafe sunan wadda ta razana mulkin mallaka ba ta riƙe ko mashi ba. 'Yan ci-rani ne suka kai iskokin nan har Akra, inda Jean Rouch ya ɗauki majiginsa Les Maîtres fous, wanda jami'o'in Turai suka fi 'yan makarantar Filinge sani.