Ƙamshin Mangwaro a Cikin Kwalba

Bazara ta kankama, kuma kin san halin humra mai nauyi da turaren oud: a hunturu suna da daɗi, amma da zafin Afrilu ya dake su sai su dinga hawa kai. Shi ya sa yau na zaɓo miki Yara Tous na kamfanin Lattafa da ke Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai kwalba ruwan ɗorawa, ƙanen Yara ɗin nan ruwan hoda da ya cika kantuna. Sunan dai dacewa ce kawai, ba don yaranmu aka yi shi ba.

Da kin fesa, mangwaro ne zai fara yi miki sallama, nunanne lugub, irin wanda ake yanka wa yara da la'asar, da ɗan garɗin kwakwa a bayansa. Bayan wasu mintuna sai furanni su taso, yasmin da furen lemo, su rage masa zaƙi kaɗan. Abin da ke kwana a jikin mayafi kuwa banila ce da miski. Ni tsakiyar nan ta fi burge ni, lokacin da mangwaron bai gama tafiya ba, furen kuma ya iso. Ƙamshi ne mai fara'a, na walimar rana da ziyarar dangi, ba na manyan taron dare ba.

Sai dai zaƙinsa da yawa. Zafi yana sa turare saurin tashi daga fata, don haka fesa biyu da rana tsaka ya kai huɗu na lokacin sanyi. Ki yi wanka, jiki ya bushe, sannan ki fesa. A kan gumi ba ya daɗi ko kaɗan.

Ga mai jego kuma, nan ne nake so ki tsaya. Jariri yana gane ƙamshin jikin mahaifiyarsa tun kwanakin farko, kuma wannan ƙamshin yana taimaka masa wajen kama nono. Kada ki fesa a ƙirji ko wuya, inda yake kwantar da fuskarsa, balle a kan kayansa ko zanin goyo. Ƙasan zani ko gefen mayafi ya wadatar, a bari ya sha iska kafin ki ɗauke shi. Idan akwai mai asma a gidan, ki fesa a tsakar gida, domin ƙamshi mai ƙarfi a rufaffen ɗaki yana iya tayar masa da ciwon. Wurin da ƙurajen zafi suka feso ma ki kauce masa, sinadarin da ke cikin turaren zai yi miki raɗaɗi.

Kwalbar kuma kada ta zauna a mota ko bakin taga, rana tana ɓata ƙamshin. Ki sa ta cikin kwalinta a can saman durowa, domin mai ƙiriniya in ya ji ƙamshin mangwaro, baki zai kai.