WANE NE YA FI GIRMA CIKIN 'YAN DAMBE?

Ina roƙon Edita ya ba ni ɗan fili a cikin wannan jarida tamu, in faɗi ra'ayina bisa wata gardama da ta tashi a ɗakin kwananmu daren Alhamis, bayan an tashi daga karatun dare, har ta kai mu kusan tsakar dare ba mu raba ta ba. Abin da a ke gardama a kai shi ne, cikin dukan manyan 'yan damben da aka yi, watau na ajin masu nauyi, wane ne ya fi girma. Wani ya ce Joe Louis. Wani ya ce Rocky Marciano. Wani abokinmu mutumin ƙasar Sakkwato ya ce shi bai san kowa ba sai Shago na Ɗan Anace. Mafi yawa suka ce Muhammadu Ali, amma da aka tambaye su dalili sai suka yi ta ɗaga murya, hujja kuwa babu. Ni ma Ali na zaɓa. Sai dai dalilina dabam ya ke da nasu, kuma ina da abubuwan da na ke zarginsa da su.

Watakila wani zai ce wannan zance ne na wasa, bai cancanci a ɓata takarda a kansa ba. To, 'yan'uwa, ku tuna fa ba da daɗewa ba za a rarraba mu makarantun ƙauyuka. Yaran da za mu tarar can sun san sunayen 'yan dambe tun ba su san jadawalin sau biyu ba. Wata rana wani cikinsu zai ɗaga hannu ya ce, "Malam, wane ne ya fi kowa?" Amsar da ka ba shi ita ce za ta koya masa abin da a ke kira girma, ko ka nufa ko ba ka nufa ba.

Ni a ƙauye aka haife ni, tsakanin Bichi da Dambatta, inda gona ta ke haɗe da gona, ba ka tafiyar da ta kai mil guda ba ka iske gida ba. A wajenmu dambe abin kaka ne. In an yanke gero da dawa, an cire gyaɗa, an cika rumbuna, sa'an nan za ka ji kalangu na tashi da la'asar a bakin kasuwa. Asalin wasan na mahauta ne. Ɗan dambe ya kan naɗe hannunsa guda da ƙyalle da zare, shi ne na bugu, ɗayan kuwa ya miƙa shi gaba yana karewa. A kan yi turmi uku. Wanda hannunsa ko gwiwarsa ta taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan, in ji masu wasan, ko da shi ke zai tashi ya kakkaɓe ƙura ya tafi gida da ƙafafunsa.

Akwai wani tsohon mahauci a ƙauyenmu, mu kan zauna gindin rumfarsa in mun taso daga makarantar allo. Ya yi dambe sa'ad da ya ke saurayi, hancinsa ma a karkace ya ke. Wata rana na ce masa, "Baba, a zamaninku wa ya fi kowa?" Sai ya ba ni labarin mutum biyu. Ya ce na farko ba a taɓa kashe shi ba, gama ba ya sa zare sai ya duba wanda ya fito. In ya ga gaba da gabanta sai ya ce hannunsa na ciwo. Na biyu kuwa an kashe shi ya fi sau goma, amma bai taɓa ƙin kowa ba. Har wata shekara wani mai kuɗi ya kira shi gefe, ya yi masa alkawarin sa da buhun gero in ya yarda ya faɗi wa yaronsa a gaban jama'a. Shekarar kuwa ba a sami damina ba, gidansa babu hatsi. Ya ce a'a. Tsohon ya ce mini, "Ɗana, na farkon nan sunansa ma sai na yi tunani. Na biyun kuwa har yau jikokinsa da sunansa a ke kiransu." Wannan mudu na tsohon mahauci shi na ɗauko zan auna mutanen nan da shi.

Mu fara da ƙidaya, tun da ita abokaina suka fi riƙewa. Marciano ya yi dambe 49, ya ci 49, ya bar fage a 1956 ba wanda ya taɓa cinsa. Ban ce ya guji kowa ba, jarumi ne ƙwarai. Joe Louis ya riƙe sarautar damben duniya tun daga 1937 har 1949, ya kare ta sau 25. Ali kuwa dambe 61 ya yi, ya ci 56, aka ci shi sau 5. Ashe in ƙidaya kaɗai za a bi, Ali ba shi ne a gaba ba. Amma ƙidaya ba ta iya raba gardamar, domin mutanen nan ba zamaninsu ɗaya ba, abokan karawarsu ba ɗaya ba. Karen bana shi ke maganin zomon bana. Wanda ya ce maka ya san abin da zai faru da Louis na 1938 ya gamu da Ali na 1966, zato kawai ya ke yi.

Batun Shago kuwa, ina ganin girman abokina da ya ambace shi, gama bai kamata mu riƙa yabon na nesa mu manta da na gida ba. Sai dai wasan nasu dabam ne. Damben Hausa hannu ɗaya a ke bugu da shi, faɗuwa ɗaya ta gama zance. Na Turawa hannu biyu ne cikin safa, a zamanin Ali a kan kai turmi 15, mutum ya faɗi ya tashi ya ci gaba in bai wuce ƙidaya goma a ƙasa ba. Har wa yau, sunan Shago ya iso kunnen yawancinmu ta bakin makaɗinsa ne, Ɗan Anace, wanda ya wasa shi har sunan nan ya gama ƙasar Hausa. Aikin makaɗi yabo ne, ba a ɗora masa faɗin aibu ba, ba kuwa za mu zarge shi don wannan ba. Amma malami ba makaɗi ba ne. Aikinmu mu auna, mu faɗi nauyi mu faɗi tawaya.

To, ga abin da ya sa na zaɓi Ali. An haife shi a 1942 a birnin Louisville cikin ƙasar Amurka, sunansa na fari Cassius Clay, a lokacin da baƙar fata a wannan yanki ba shi da ikon cin abinci a teburi ɗaya da Bature. Ya ci lambar zinariya a wasannin duniya da aka yi a birnin Rum a 1960. A watan Fabrairu na 1964 ya ci Sonny Liston, mutumin da kowa ke jin tsoro, ya zama sarkin damben duniya yana da shekara 22. Nan da nan ya bayyana ya shiga Musulunci, ya sake suna, cikin wannan shekara kuma ya ziyarci Gana da Nijeriya da Masar. Jaridun ƙasarsu da yawa suka ƙi kiransa da sabon sunan, shi kuwa ya ƙi amsa tsohon.

Ran 28 ga Afrilu, 1967, aka kira shi a birnin Houston don a ɗauke shi soja, lokacin Amurka na yaƙi a ƙasar Biyetnam. Aka kira sunansa, ya ƙi matsawa gaba, ya ce addininsa da zuciyarsa ba su yarda da wannan yaƙi ba. Aka tuɓe shi daga sarauta, aka hana shi takardar izinin dambe. Kotu ta yanke masa ɗaurin shekara 5 da tarar dala 10,000, ko da shi ke bai shiga kurkuku ba don ya ɗaukaka ƙara. Daga watan Maris na 1967 har Oktoba na 1970 bai yi dambe ko ɗaya ba, watau daga yana da shekara 25 har ya kai 28. Duk wanda ya san wasan ƙarfi ya san waɗannan su ne shekarun da jiki ya ke cika, in sun wuce kuwa ba su komowa. Sai a watan Yuni na 1971 babbar kotun ƙasar ta soke hukuncin. Ga sa da buhun gero nan an miƙa masa, ya ce a'a.

Wanda ya zaɓi Joe Louis yana da amsa mai ƙarfi, ba zan ɓoye ta ba. Louis ma ya ba da nasa. Ya shiga soja a 1942, cikin wannan shekara kuma ya ba da kuɗin dambensa biyu ga asusun taimakon sojoji da iyalansu, daga baya bashin haraji ya bi shi ya tsiyata shi. Kafin wannan, a 1938, ya buge Bajamushe Max Schmeling tun a turmin farko, lokacin da mutanen Hitler ke cika baki da cewa jininsu ya fi na kowa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Bambancin da na gani shi ne, Louis ya ba da nasa jama'ar ƙasarsa suna tafa masa, Ali kuwa ya ba da nasa mafi yawansu suna zaginsa, bai kuwa san yadda shari'ar za ta ƙare ba. Yin abin kirki da taron jama'a a bayanka yana da lada. Yinsa kai kaɗai ya fi wuya.

Da ya komo fage, saurin ƙafarsa ya ragu. Joe Frazier ya ci shi a 1971, har ya kai shi ƙasa a turmi na 15. Ken Norton ya karya masa muƙamuƙi a 1973. Ga misalin mutumin tsohon mahauci na biyu, an kashe shi amma bai ƙi kowa ba, gama ya koma ya sa zare da dukansu biyu ya rama. Ran 30 ga Oktoba, 1974, a birnin Kinshasa, ya gamu da George Foreman, wanda ya girme da shekara 7, wanda kuma ya buge Frazier da Norton kowanne cikin turmi biyu. Ali ya jingina da igiyar fage ya bar shi yana ta bugu har ƙarfinsa ya ƙare, sa'an nan ya kā da shi a turmi na 8. Inda ƙafa ta gaza, dabara da haƙuri suka yi aiki.

Yanzu sai tawaya, gama mutum duka ɗan tara ne. Na ɗaya, bakinsa. Ali shi ne makaɗin kansa, shi ke yi wa kansa kirari, wannan ban ga laifinsa ba, 'yan dambenmu ma suna yi. Amma abin da ya yi wa Frazier ya wuce kirari. Sa'ad da aka hana Ali dambe, Frazier ya taimake shi da kuɗi, ya kuma sa baki a mayar masa da izininsa. Sakayyar da ya samu ita ce Ali ya kira shi baran Turawa, kafin dambensu na Manila a 1975 kuma ya kamanta shi da goggon biri a gaban duniya. Frazier ya daɗe ƙwarai da wannan ciwo a zuciyarsa. Na biyu, ya juya wa Malcolm X baya a 1964, mutumin da ya tsaya masa tun farko. Aka kashe Malcolm a 1965 ba su shirya ba, Ali da kansa ya ce ya yi nadamar wannan daga baya. Na uku, bai san lokacin ajiye zare ba. Ya koma fage a 1980 yana da shekara 38, Larry Holmes ya yi ta dukansa har mutanensa suka tsai da wasan, bai kuwa daddara ba sai da aka sāke cinsa a 1981. A 1984 likitoci suka tabbatar yana da ciwon nan na karkarwar jiki da a ke kira Parkinson. Ya zauna da shi shekara 32, har Allah ya karɓi ransa ran 3 ga Yuni, 2016, yana da shekara 74.

Ko cikin ciwon nan akwai abin lura. Mutumin da ya yi suna da kyawun jiki da kaifin harshe, ga hannu na rawa, magana ba ta fita sai da ƙyar, amma bai ɓuya a ɗaka ba. A 1996 ya tsaya gaban duniya a birnin Atlanta ya kunna wutar buɗe wasanni, kowa na ganin yadda hannunsa ke karkarwa.

Saboda haka in yaro ya tambaye ni wane ne ya fi kowa, zan ce masa wanda ya fi bugu Allah kaɗai ya sani, gama ba su gamu a fage ɗaya ba. Amma in girma ya ke tambaya, Muhammadu Ali na zaɓa, domin an ba shi zaɓi tsakanin sarautarsa da abin da ya gaskata, ya bar sarautar. Zan kuma gaya masa abin da ya yi wa Frazier, don kada yaron ya tashi yana tsammani jarumi ba ya zalunci, ko kuwa wanda ya yi gaskiya a wuri ɗaya an yafe masa sauran. Sa'an nan zan aike shi wurin tsofaffin garinsu ya tambayo labarin nasu 'yan damben, ya rubuto mini a littafinsa, da abin yabo da abin zargi.

Wanda bai yarda da ni ba cikin 'yan'uwa, ko cikin malamanmu, ga fili nan, ya kawo nasa mudu a fitowa mai zuwa mu auna. Allah ya sa mu zama malamai masu faɗin gaskiya, amin. Haza wasalam.