Kwana 90 na Ɗaukaka Ƙara: Wa Zai Ƙirga wa Talaka?

Tsarin Mulkin 1999 ya ba wanda kotu ta samu da laifi ikon ɗaukaka ƙara, amma fa ikon nan yana da wa'adi. Daga Babbar Kotu zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara kwana 90 ne, daga can zuwa Kotun Ƙoli kwana 30 kacal, kuma tilas a shigar da takarda mai ɗauke da dalilai. Wanda ya makara sai ya roƙi ƙarin lokaci, ya kawo hujjar jinkirinsa.

To, mai hali lauyansa ne ke ƙirga masa kwanaki. Talakan da aka wuce da shi gidan yari fa, wanda ko Turanci ba ya ji? Kamata ya yi alƙali ya bayyana masa wa'adin nan da harshensa tun ranar hukunci, sa'an nan jami'in Hukumar Taimakon Shari'a, wadda aka kafa tun 1976, ya iske shi cikin mako guda.

Ita ma hukuma wajibi ne ta dakata har a gama. A 1981 gwamnatin Jihar Oyo ta kashe Nasiru Bello alhali ƙarar da ya ɗaukaka tana gaban kotu. Sai a 1986 Kotun Ƙoli ta ce kisan ya saɓa wa doka, ta sa a biya iyalinsa diyya.